Ranar da Muka Bar Tabarmar Inna

Ni ba ni da haƙurin zama, kowa a garinmu ya san wannan. Da na baro kolej a Keita na dawo gida, matan ƙungiya suka sa ni cikin biro. Ba don suna jin daɗin bakina ba, don dai ni ce mai iya amsa wa mutanen furoje, masu kawo ayyukan raya karkara, in sun zo da Faransancinsu. Biro shi ne mu biyar da aka zaɓa mu tsaya gaban sauran mata.

Abin da ya haɗa mu fako ne. Wani tudu ne gabas da gari, ƙasa mai tauri da tsakuwa, in ruwa ya sauka kansa gudu yake yi ya faɗa kori, rafin nan da ke bushewa da rani. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin an jefa iri a wurin ba. Mazan gari da yawa sun tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Libiya, sai mata suka je suka roƙi maigari ya ba su wurin. Ya ba su aro, ya kuma gindaya sharaɗi: in damina ta uku ta kama bai ga itace tsaye ba, zai karɓe ya ba wani ɗan kasuwa da ya daɗe yana son kewaye wurin da waya.

Muka sha aiki. Da diga da shebur muka haƙa rabin wata, wato rami mai siffar jinjirin wata wanda bakinsa ke kallon inda ruwa ke gangarowa. Hannuwana suka yi kanta har ban iya riƙe allura. Cikin kowane rami muka dasa ɗan itace, dakwara da bagaruwa da magarya. Da aka cire amfanin gona aka saki dabbobi, awaki suka cinye dashen farko tas. Damina ta biyu muka sake dasawa. Kaka ta wuce, aka sake sakin dabbobi, muka fara ganin kawunan dashe a gutsure. Wannan rani shi ne na ƙarshe. In dashen bai kai damina ba, fako ya tafi.

Shugabarmu dattijuwa ce, kowa Inna yake ce mata. Ita ta ja mata zuwa ƙofar maigari tun farko, kuma mace ce mai kyauta. Akwai matar ɗanta, wadda aka ba kula da dashe. Wannan taubashiyata ce, ubana da uwarta ciki ɗaya, don haka tun muna yara baiwata nake ce mata, ita ma haka. Akwai kakata, da aka sa don shekaru. Sai wata mai sayar da daddawar batso, wadda ita kuma taubashiyar Inna ce. Sai ni.

Taronmu kullum a gidan Inna ake yi, ƙarƙashin rumfarta, bisa sabuwar tabarmarta. Kafin a ce komai sai ta fito da babbar ƙwarya ta hura da nono, damun hannunta. Ludayi ya zagaya. A gaisa, a tambayi yara, a tambayi na Abijan. Sannan Inna ta ce, "To, ƙaƙa dashe?"

A ce, "Sai godiya. Awaki dai."

Ta ce, "Awaki kam, Allah shi kyauta."

A shafa fatiha a tashi. Sai an je rijiya bakin kowa ya buɗe. A can ne ake faɗin abin da kowa ya sani: sawun da ke shiga fako, in ka bi shi, ƙofar bayan gidan Inna yake kai ka. Jajayen awakinta ne masu tsagar kunne. Taubashiyata da ke cikin gidan ta gaya mini da idonta take ganin ana kwance su kowace safiya.

Na ce, "To ki faɗa mana a taro. Ke ce mai dashe."

Ta ce, "Ke baiwata, kin haukace? In ɗaga murya gaban uwar mijina? Ko ruwa ban sha gabanta."

Gaskiyarta, ko ludayin nan in ya iso gare ta wucewa yake.

Taro na gaba na kasa. Da Inna ta ce Allah shi kyauta, na aje ludayi na ce, "Inna, awakinki ne."

Taubashiyata ta ja mayafi ta rufe fuska. Kakata ta shiga kallon rufin rumfa kamar yau ta fara ganin kara. Inna ta dube ni, ba fushi a fuskarta, ta tura ƙwarya gabana ta ce, "A ƙara ma yarinya hura, da alama ba ta ƙoshi ba." Aka shafa fatiha.

A hanya kakata ta bi ni da faɗa. "Ke 'yar lakwal, abin da sunka koya miki a makaranta ke nan? Ki shiga gidan mace, ki hau tabarmarta, hurarta na cikin cikinki, ki tona ta?"

"Tsohuwa, ƙarya na yi?"

"Wa ya ce ƙarya? Ko alkali ba shi yanke ma mutum hukunci da ludayinsa a hannu."

Na ce to sai mu yi ta shan hura har a zo a kafa waya. Ta ce in rufe mata baki. Washegari da safe awakin suka sake shiga. Maganata ba ta tsare ko reshe ɗaya ba, sai ma gaisuwata da Inna ta koma gajera.

Bayan 'yan kwanaki aka fita aikin gayya, ana gyara kunyar ramukan da ruwa ya fasa. Ina tura baro sai na ji muryar mai daddawa daga can. Inna ce ta zauna hutawa, ita kuwa ta tsaya a kanta.

"Tashi, raguwa! Baiwar gidanmu! Tun kuna yara haka kuke, a yi aiki ku zo ci. Ubana ya sayi ubanki da ƙwaryar dussa, har yau muna da-na-sani."

Inna ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta ce, "Matsa can, warinki ya kashe dashe hiye da awaki."

Na tsaya da baro a hannu. Ni kalma biyu na faɗa, gari ya ɗauke ni marar kunya. Wannan ta zagi matar har ubanta, ana dariya. Bambancin bai wuya ba ne: ita taubashiya ce, kuma ƙasar da suke kai ba ta kowa ba ce.

Da yamma na sami kakata tana tsinke zogale. Na ce, "Tsohuwa, taro na gaba a fako za a yi shi. Kowa ta zo da ruwanta."

"Wa ya ce?"

"Ni. Kuma wadda ba ta iya faɗin magana, ta ba abokiyar wasanta ta faɗa mata."

Ta dube ni da ido ɗaya. Ta ce, "In kin je gaya ma Inna, ki ce ni ce nike son ganin ɓarnar da idona kahin in mutu. In kinka ce ke ce, ba ta zuwa."

Haka na yi. Inna ta ce to, ai ba a hana tsohuwa. Sannan na bi ta wurin mai daddawa, na same ta tana shanya. Ban yi kwana-kwana ba, na ce mata maganar awaki a bakinta take, tunda nawa ya ƙone. Ta yi dariya ta ce ta daɗe tana jin ƙaiƙayin maganar, amma hurar matar nan ke toshe mata maƙogwaro.

Ranar taron da la'asar muka hau tudu. Ba tabarma, ba rumfa. Muka zauna a kan kunyar wani babban rabin wata, ƙafafunmu cikin ramin, wata 'yar dakwara da aka gutsure wa kai tana tsakiyarmu. Ga kashin awaki ko'ina. Kowa da 'yar butarta. Inna ta yi ta gyara zama, hannunta ya rasa abin miƙawa.

Na buɗe baki zan fara bayani, sai kakata ta kwance bakin zanenta ta fito da aduwa. Ta ce, "Tsaya. Ni ma ina da magana, kuma jikata ce, ina da izni. Wagga yarinya, in ta tambaye ki abu, kahin ki haɗiye miyau ta ba kanta amsa, ta miƙe tana kakkaɓe zane. Mu tsohi maganarmu daga nisa take tahowa. Ungo." Ta tura mini ɗaya a baki. "Ba ki cewa uffan sai ƙwallon ya yi hwari."

Aka yi mini dariya, har da Inna. Na so in tofar, amma ni na kawo dokar. Wanda ya san aduwa ya san ba a gaggawa da ita, ga ɗaci ga zaƙi, naman ya manne wa ƙwallo. Na zauna ina tsotsa ina hararar tsohuwa.

Aka yi shiru mai tsawo, irin wanda da bakina sake yake da tuni na cike shi. Sai mai daddawa ta tsinci kashin akuya ɗaya ta ɗaga sama tana juya shi.

"Jama'a, ku duba min. Wanga ɗan gidan wa ne? Na ga kamannin gidan bayinmu."

Inna ta ce, "Aje ƙazanta, ko cikin daddawa za ki sa?"

"A'a, gaisuwa za ni kai ma uwarsa. Kullum da sahe tana sallamo su, ku tai ku ci dashen mata, in an yi taro ni ce Allah shi kyauta. Ɓarauniya mai tabarma! Shugabar awaki!"

Dariya ta kama mu, Inna ma ta yi. Ta ɗauki tsakuwa ta jefe ta. Amma dariyar tata ba ta daɗe ba. Ta sunkuya ta taɓa kan 'yar dakwarar nan da yatsa. Wannan karon ba wadda ta kalli sama, don ba rufin da za a kalla.

Ta ce, "Nawa ne. Na sani, kun sani."

Ni kuwa ina fama da aduwa.

Ta ci gaba, a hankali, tana kallon ƙasa. Yaranta maza duk suna biɗa. Awakin ma rabinsu nasu ne, amana suka bar mata. Maigidanta ido ya yi rauni, gonar wake ba ta samu hannu ba, harawar da aka tara ba ta kai ko tsakiyar rani. In ta ɗaure su a turke mutuwa za su yi tana kallo. "Ni da anka ce ni ce gaba, in zaga gidajenku ina roƙon dussa? Ku da ku ka zuwa gidana ina ba ku?" Ta ɗago. "Kuma nonon da ku ka sha cikin hurar nan, daga ina kuke tsammani shike hitowa?"

Mai daddawa ta dafe ƙirji. "La ilaha! Ashe dashenmu munka shanye da ludayi!"

Kakata ta yi dariya har da tari. Ni na kusa haɗiye ƙwallo. Inna tana dariya tana share ido da bakin mayafi, ba ka iya cewa wanne ya fi yawa.

Da aka natsa, taubashiyata ta matso ta raɗa mini magana a kunne, don in faɗa a madadinta kamar yadda muka shirya. Na nuna mata bakina. Ta ce in tofar mana. Kakata ta ce, "Ko kusa, ƙwallon bai yi hwari ba. Bakinta cike yake. Mai magana ta nemi nata."

Taubashiyata, baiwar Allah, ta rasa inda za ta sa kanta. Can sai ta juya, ta ba Inna baya gaba ɗaya, ta ja mayafi, ta fuskance ni. Da ƙarfi ta fara.

"Ke baiwata, mai kan kwano, da ke nike. Kin yi lakwal amma ba ki gani. Dubi cikin ramukan nan. Mi ne ne wannan?"

Ciyawa ce. Tun da muka haƙa ramukan, ruwa ya riƙa tsayawa, ciyawa ta fito cikinsu har gwiwa, ta bushe a tsaye. Tun farko an kafa doka kada wanda ya taɓa komai a fako, sai muka bar ta, awaki na shigowa dominta suna haɗawa da dashe.

"Ita ce ta ka kiran su, sakarya. A yanke ta, a tara. Duk wadda ta ɗaure awakinta a ba ta. Wadda ta saki ba ta samu. Kuma ɓarakar da ke wajen kori a toshe ta da ƙaya, ta nan su ka shiga. Tun bara na sani, ke ce ba ki tambaye ni ba, baiwar banza."

Ta gama tana haki. Inna ba ta dube ta ba, ai ba a haka. Ta juya wajen mai daddawa ta ce, "Ke mai wari, gaya ma mai maganar nan ta yi gaskiya. Kuma ki ce mata gobe da sahe ita za ta ɗaure su da hannunta."

Na ciro ƙwallon na duba, ya yi fari. Kakata ta ce to, yanzu faɗi. Na ce a kawo lauje. Ba abin da ya rage ban da wannan.

Muka yanke ciyawar, duk matan ƙungiya, muka ɗora ta kan wata rumfa da muka kafa a bakin fako. Muka jawo ƙaya daga kori muka toshe ɓaraka. Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda Inna ta koma. Ashe duk wannan Allah shi kyauta, bakinta ne ke ɗaure, ba ta iya yi wa kowa faɗa alhali awakinta na cikin ɓarnar. Da nata suka shiga turke sai ta zama wata. Da sanda take zagaya fako. Wata safiya ta kama baƙar akuyar gidan maigari tana miƙa wuya kan magarya. Ta ja ta da igiya ta tsakiyar gari, ta ɗaure ta a ƙofar gidan, ta yi sallama ta gaida mutan gida lafiya lau, ta bar musu damin ciyawa ɗaya ta tafi. Ba a sake ganin akuyar a tudu ba.

Zaman fako ya zama namu. Washegarin kowace kasuwa mukan hau tudu da butocinmu, mu zauna kan kunyar nan, a bi aikin da aka yi a ga inda ya gyaru da inda ya ɓaci. Ba kullum ake dariya ba. Ranar da aka gaya wa mai daddawa cewa 'yan unguwarta sun fi kowa samun ciyawa in ita ke rabo, ta yi fushi ta sauka tudu, sai da Inna ta bi ta da zagi har gida ta dawo da ita. Akwai ranar da ciyawa ta kusa ƙarewa ruwa bai zo ba, muka zauna har rana ta yi ja ba mu samu mafita ba, sai a zama na gaba aka yarda kowane gida ya kawo kara da dussa a haɗa. Taubashiyata ta ci gaba da zagina duk lokacin da take da magana ga uwar mijinta. Na sha zagi a wannan rani, amma a hankali bayan nata ya riƙa juyowa, har ta koma zama a karkace. Ni kuwa kakata ba ta taɓa mantawa da aduwa ba. Har yau ina ganin rabin shirun da suke yi ɓata lokaci ne. Ɗaya rabin na yarda.

Da hadari ya fara haɗuwa gabas, maigari ya aiko cewa zai hau tudu. Ya zo da mutanensa, ɗan kasuwar na biye da shi da sabon takalmi. Mu biyar muka tsaya a bakin fako, sauran mata a bayanmu. Ba duka dashen ya rayu ba, akwai ramukan da ba komai sai tsakuwa. Amma daga inda muke tsaye har bakin kori kore ne a jere, wasu sun kai gwiwa, wasu sun kai ƙugu.

Maigari ya shiga yana tafiya a hankali. Bai yi nisa ba wata bagaruwa ta kama masa gefen riga. Ya ja, ta ƙi saki. Sai da wani cikin mutanensa ya durƙusa ya ɓamɓare ƙayar ɗaya bayan ɗaya. Mai daddawa ta ce, ba da ƙaramar murya ba, "Ranka shi daɗe, gaisuwa ta ka yi."

Ya yi murmushi. Ya dubi ɗan kasuwar, ya dubi Inna. Ya ce, "Itace na ce in gani, na gani har ya yaga min riga. Wurinku ne. Ku riƙe."

Guɗa ta tashi. Ni ban iya guɗa ba, ihu na yi, na rungume taubashiyata muka faɗa cikin rami. Kakata tana rawa da sandarta. Ɗan kasuwar ya juya yana cire ƙaya daga takalminsa.

Inna ta ce kowa gidanta. Muka sauka tudu muka cika rumfar, har waje. Ta shimfiɗa tabarmar, ta fito da babbar ƙwaryar, ludayi ya zagaya. Mai daddawa ta kurɓa ta ce yau dai ciyawa take ji, ba dakwara ba. Da ƙwaryar ta iso gare ni na tuna ba mu tsai da maganar ramukan da za a sake dasawa ba, ga ruwa na shirin sauka. Na ce, "Inna, zancen sabon dashe fa?"

Ta tura mini ludayi. "Sha hurarki, ɗiyata. Wannan maganar tudu ce. Jibi."